Yana Da Shekara Nawa Abin Ya Fara?

Wanda ya fito daga Birnin Kebbi ya nufi Jega, kafin ya yi nisa zai iske Kalgo, garin manoma da makiyaya a ƙasar Gwandu, wanda a 'yan shekarun nan Allah ya haɗa masa abubuwa biyu da ba kowane gari ke samunsu tare ba, watau babban asibiti na gwamnatin jiha, da kuma mazaunin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, a kan hanyar Bunza. Jami'a kuwa, in aka dube ta da idon likita, wuri ne da ake tara dubban samari da 'yan mata masu shekara 17 zuwa 25, a raba su da gidajen iyayensu, a ɗora musu karatun dare da fargabar jarrabawa, daidai cikin shekarun da waɗansu cututtukan hankali suka fi kai farmakinsu na farko. Wannan dacewa ita ta sa na ga ya kamata a tattauna wata mas'ala da likitocin ƙwaƙwalwa suka daɗe suna bai wa muhimmanci, alhali mu a gidajenmu ba mu cika kula da ita ba: shekarun da mutum yake da su ranar da ciwon ya fara.

Cututtukan da nake nufi dabam suke da abin da jama'a ke tunawa in an ambaci hauka, wato mutumin nan mai tsumma da ke kwana bakin kasuwa shekara da shekaru ba sauyi. Waɗannan masu zuwa ne su tafi, asalinsu kuwa rikicewar yanayin zuciya, wadda kan tsananta har ta ja hankali ta tafi da shi. Ta farko ita ce wadda likitoci ke kira baifola, ciwon hawa da sauka: mutum ya yi mako ko makonni cikin wani irin ɗoki da ƙarfin jiki wanda ba nasa ba, barcin sa'a biyu ya ishe shi, magana na zuba daga bakinsa ba waƙafi, ya sayar da shinkafar da ya noma a fadama tun ba ta bushe ba ya rabar da kuɗin a tasha, in abin ya kai matuƙa ya ce an yi masa wahayi, ko shi ne Mahadi, ko gwamna na jiransa, sa'an nan bayan watanni ya sauka, wani lokaci ya dawo daidai har a manta, wani lokaci ya zarce ƙasa cikin baƙin ciki. Ta biyu ita ce baƙin ciki mai tsanani wanda ke zuwa da ruɗu, inda mutum zai haƙiƙance cewa ya aikata zunubin da ba gafara, ko dukiyar gidansu ta ƙare alhali rumbu cike yake, ko ya riƙa jin muryoyi suna zaginsa. Fiye da rabin masu baifola kan gamu da irin wannan ruɗu ko jin muryoyi ko da sau ɗaya a rayuwarsu, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 40 ke fama da ciwon, kimanin baligi ɗaya cikin 150. Ƙaramar hukumar Kalgo tana da mutum kimanin 85,000 a ƙidayar 2006, yau kuwa sun ƙaru ƙwarai. Duk wanda ya iya lissafi zai ga cewa maganar ɗaruruwan mutane ake yi a wannan yanki kaɗai.

Malaman ƙasar Gwandu ba baƙi ba ne ga haukan da ke zuwa yana tafiya, ko da yake ta ƙofar fiƙihu suka san shi. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa ke Gwandu, ya wallafa littafi mai suna Masalihul Insani a kan abin da ya shafi maslahar addini da ta jiki, ɗan wansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya yi talifai da dama a kan ilmin ɗibbu. Amma inda mas'alarmu ta fi fitowa fili shi ne cikin littattafan Malikiyya da har gobe ake karantawa a zaurukan Gwandu da Kalgo da Jega. Fuƙaha'u sun rarrabe tsakanin hauka muɗbiƙi, wanda ya rufe mutum ba ya sakinsa, da haukan da mai shi kan farfaɗo. Suka hukunta cewa a halin taɓuwa an ɗauke masa alƙalami, cinikinsa bai ƙullu ba, sakinsa bai auku ba, da zarar ya farfaɗo kuma ya koma mukallafi kamar kowa. A babin aure, Muhtasar na Shehu Halilu ya lissafta hauka cikin aibobin da ke ba da zaɓi ko da sau ɗaya yake tashi a wata, ya kuma tanadi ajalin shekara guda domin neman magani. Duk wanda ya yi nazarin wannan hukunci zai fahimci cewa magabata sun ga irin mutanen da muke magana a kansu da idonsu, sun san ciwon yana da lokacin cika da lokacin janyewa kamar gulbin Kabi tsakanin damina da rani, sun kuma yi masa kyakkyawan zaton warkewa, tun da ba a yanka wa abin da aka fid da rai da shi ajali.

Abin sha'awa, birnin Ƙairawan da ya ba mu Risala ta Ibnu Abi Zaidin shi ne kuma inda likita Is'haƙu ɗan Imrana, mutumin Bagadaza, ya rubuta maƙalarsa a kan malihuliya, watau ciwon baƙin ciki, wajen shekara ta 900 Miladiyya, wadda daga baya aka juya zuwa Latin, Turawa suka daɗe suna karantawa. Sai dai wanda ya mai da shekarun farawa ma'auni na rarrabe cututtuka shi ne likitan Jamus Emil Kraepelin, wanda a 1899 ya raba manyan cututtukan hankali gida biyu bisa ga yadda suke farawa da yadda suke ƙarewa: ɗaya mai kama matashi ta bi shi a hankali tana rage shi, ita ce yau ake kira sikizofiriniya, ɗaya kuma mai zuwa da tafiya wadda ke barin mutum da hankalinsa tsakanin tashi da tashi.

Tun daga lokacin ake tara alƙaluma. Nazari mafi faɗi shi ne wanda Marco Solmi da abokansa suka fitar a 2021, inda suka haɗa bincike 192 da suka ƙunshi mutum fiye da 700,000, suka samu cewa kashi 62.5 cikin 100 na masu cututtukan hankali iri-iri sun kamu kafin su cika shekara 25. Ga cututtukan yanayin zuciya, shekarar da aka fi kamuwa ita ce tsakanin 20 da 21, ko da yake jerin yana da doguwar wutsiya, domin rabin masu su sai bayan shekara 31 suke kamuwa. Kafin wannan, a 2001, Frank Bellivier da abokan aikinsa a Faransa sun lura cewa masu baifola ba dunƙule guda ba ne, sun kasu uku gwargwadon lokacin da ciwon ya same su: waɗansu wajen shekara 17, waɗansu wajen 27, kaɗan kuma wajen 46. Fa'idar wannan rabo ita ce kowane kashi yana da halinsa. Wanda ciwon ya kama tun yana saurayi shi ya fi yawan samun ruɗu da jin muryoyi, shi ya fi yawan samun mai irin ciwon cikin danginsa, shi ya fi faɗawa shaye-shaye da yunƙurin halaka kansa. Galibin waɗannan alƙaluma a Turai da Amurka aka tattara su, kuma akwai dalilin yin hattara da su, domin tun 1985 Farfesa Roger Makanjuola na Ile-Ife ya nuna cewa cikin majinyatansa Yarabawa, masu hawa kaɗai suna maimaitawa ba tare da faɗuwa cikin baƙin ciki ba sun fi yawa, saɓanin abin da littattafan Turai suka saba faɗa.

To, a nan ne al'amarin ya shafe mu kai tsaye, domin kowane zango na rayuwa muna da sunan da muka tanadar masa, wanda ke rufe ciwon ya hana a gane shi. Saurayi ɗan shekara 18 da ya daina barci, ya shiga yi wa mahaifinsa gardama a gaban jama'a, ya tsiri wa'azi a bakin masallaci ba wanda ya sa shi, farkon abin da za a ce shi ne balaga ce ke ɗibarsa. In ɗan boko ne a ce, "Wanga yaro karatu ya yi mai yawa." In almajiri ne a ce ya ja wuridi ba da izini ba, ko ya taɓa wani hatimi da ya fi ƙarfinsa. In kuwa an taɓa ganinsa da abokan banza, shi ke nan an yanke hukunci, wiwi ce ko tiramol, sai a nemi gidan mari. Ba na musun cewa shaye-shaye na haukatarwa. Bincike da Matthew Large ya jagoranta a 2011 ya nuna masu shan wiwi kan kamu da taɓin hankali kusan shekara uku kafin waɗanda ba su sha, gwamnatin tarayya ma ba a banza ta hana maganin tari mai kodin a 2018 ba. Amma sau da yawa ana juya sababi da musabbabi, domin yaron da ciwon ya fara ɗagawa shi ke neman abin da zai kwantar da shi ko ya ƙara masa tashi, shan ya zama alama ta biyu, ciwon kuwa yana nan ƙarƙashi ba wanda ya tambaye shi. Duniya ta ga abin da ke cikin waɗansu gidajen mari a 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane daga Rigasa a Kaduna da kuma Daura, da yawansu da sarƙa a ƙafa.

Hasarar da ke cikin wannan jinkiri ta fi ta kowane zango tsada, saboda shekarun 17 zuwa 25 su ne waɗanda mutum ke haɗa jarin rayuwarsa a cikinsu, ya sauke Alƙur'ani ko ya gama makaranta, ya koyi sana'a, ya yi suna a unguwa, a ba shi mata. Ɗalibin da ciwon ya tasar wa a shekararsa ta biyu a jami'a, in aka gane aka yi masa magani, zango ɗaya zai rasa. In aka kore shi bisa laifin rashin ɗa'a, ko aka kai shi ƙauye aka ɓoye don gudun abin kunya, sai ya wayi gari yana da shekara 30 ba takarda ba sana'a, ga kuma sunan da ya riga ya bi shi. Wani nazari da aka buga a 2017 ya samu cewa, a ƙasashen da ke da likitoci ma, kusan shekara shida ke wucewa tsakanin farawar baifola da fara yi mata maganin da ya dace.

Ga mata kuwa akwai wata ƙofa ta musamman, ita ce jego, kuma a ganina nan ne ya fi cancanta a tsaya. Cikin kowace haihuwa 1,000, mace ɗaya ko biyu kan sami taɓuwar hankali mai tsanani, galibi cikin mako biyun farko, kuma likitoci sun tabbatar cewa mafi yawan wannan taɓuwa 'yar gidan baifola ce. Robert Kendell da abokansa a Edinbara sun nuna a 1987 cewa cikin kwana 30 bayan haihuwa, haɗarin a kwantar da mace saboda taɓin hankali yakan ninka fiye da sau 20, ya kuma fi haka ga mai haihuwar fari. A Turai, inda mace kan kai kusan 30 kafin ta yi ta fari, haɗarin ƙuruciya da haɗarin jego rabe suke da shekaru. A ƙauyukanmu kuwa, inda da yawa ke haihuwar fari kafin su cika 20, haɗuran biyu kan faɗo wa yarinya lokaci guda. Sa'an nan a dubi yadda makon farko yake: ga wankan jego safe da yamma, ga 'yan barka ba dare ba rana, ga jariri na kuka, ga hidimar suna ranar bakwai, alhali rashin barci yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da wannan ciwo.

Akwai kuma wata al'ada tamu mai kyau wadda a wannan wuri kan zama labule, ita ce kunyar ɗan fari. Yarinyar da ta sunkuyar da kai, ta ƙi kallon jaririnta, ta ƙi ɗaukarsa sai an matsa mata, ta yi shiru ba ta amsa gaisuwa, tsofaffi za su yaba mata su ce ta san alkunya, kuma galibi gaskiyarsu ne. Sai dai cikin irin wannan shiru ne wata ke jin murya na ce mata ɗan ba nata ba ne, ko an sauya shi. In kuma ta ɓalle da surutu da waƙa da fizge-fizge, fassara a shirye take: iska ta shige ta don ta fita da magariba, ko kishiya ta yi mata jifa. Uwa da goggo da ungozoma su ne ke kusa da ita, su ne kuma za su iya bambanta kunya da ciwo, domin mai kunya tana barci in ta sami sarari, tana cin abinci, tana satar kallon ɗanta in ta ga ba kowa. Wadda ta kwana biyu ko uku ido biyu ba ta jin gajiya, maganarta ta daina haɗuwa, wannan a kai ta asibiti a ranar, kada a bar ta ita kaɗai da jariri. Gaggawar tana da dalili na biyu, domin jijjiga da zazzaɓin da ke bin haihuwa da zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai duk suna iya rikita mai jego, kuma waɗannan kisa suke yi cikin kwanaki. Wadda aka yi wa magani galibi takan warke sarai. Abin da ya wajaba mijinta da iyayenta su riƙe shi ne ciwon na iya dawowa a haihuwa ta gaba, don haka a sanar da likita tun cikin yana ƙarami.

Na dattawa gajere ne amma yana da nauyi. Mutumin da bai taɓa yin kome ba sai da ya haura 50 sa'an nan ya fara irin wancan ɗoki, likita ba zai gamsu da sunan baifola ba sai ya bincika ƙwaƙwalwa da jijiyoyin jini, da hawan jini, da maƙoƙo, da magungunan da yake saye a kyamis, domin a wannan shekaru sau da yawa wata cuta ce ta jiki ke magana. Tsohuwar da ta daina cin abinci kuma, tana cewa hanjinta ya ruɓe ko Allah ba zai karɓi tubarta ba, kada a ce tsufa ne a zuba mata ido. Baƙin ciki mai ruɗu ya fi yawa ga manya, yana kuma jin magani.

Saura tambayar inda za a je. Babban asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya mafi kusa da mutanen Kebbi shi ne na Kware a jihar Sakkwato, tafiyar sa'o'i ko ta Argungu aka bi ko ta Jega da Tambuwal, likitocin wannan fanni kuwa a Nijeriya duka ba su kai 300 ba ga mutum fiye da miliyan 200. Dokar da ta yi mulkin al'amarin tun 1958, mai tushe a dokar Turawa ta 1916, sai a Janairun 2023 aka sauya ta da sabuwa wadda ta amince da haƙƙin majinyaci. Saboda haka ba abin mamaki ba ne iyali su fara da malami, da tofi da rubutun sha da ruƙiyya, ni kuma ban ga aibin addu'a ba. Aibin yana ga duka da ɗauri da hana magani. Wani abu da ke ƙara ɗaure kai shi ne, da yake ciwon mai janyewa ne da kansa bayan watanni, duk wanda hannunsa ke kan majinyaci ranar da ya sauka shi ke karɓar yabo, sai a koma gare shi a tashi na biyu da na uku, shekaru suna tafiya. Tun 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya gwada aiki tare da masu maganin gargajiya a ƙauyen Aro kusa da Abekuta, a 2020 kuma Farfesa Oye Gureje ya buga sakamakon gwajin da aka yi a Ibadan da Kumasi, inda majinyatan da malaman addu'a da masu maganin gargajiya suka kula da su tare da ma'aikatan asibitin shan magani suka fi samun sauƙi. Ba abin da zai hana a yi irin wannan tsakanin zaurukan Gwandu da asibitin Kalgo, tun da fiƙihun da ake karantawa a zaurukan ya riga ya yarda da neman magani.

Maganin kansa yana bin shekaru da jinsi. Litiyam, wanda John Cade ya gano amfaninsa a Ostareliya a 1949, har yau yana cikin mafi inganci wajen hana ciwon dawowa, amma yana bukatar gwajin jini a kai a kai, ƙishirwa kuma na iya mai da shi guba, abin da ya wajaba a tuna a ƙasar da zafin bazara ke wuce digiri 40, balle in azumi ya faɗo cikinsa. Balfurowet yana da illa babba ga ɗan tayi, ba a son ba da shi ga macen da ke iya ɗaukar ciki. Maganin baƙin ciki kuwa, in aka ba da shi shi kaɗai ga matashin da asalin ciwonsa baifola ne, yana iya tunzura shi ya hau. Shi ya sa likita, in ya ga baƙin ciki mai ruɗu ga ɗan shekara 19, yakan tsananta tambaya ko an taɓa ganin yaron cikin ɗoki, ko akwai mai irin wannan a dangi.

Amsar waɗannan tambayoyi ita ce ke wuya a wurinmu, ba don ba a sani ba, sai don wanda ya sani ba ya cikin mota. Ranar da za a kai majinyaci asibiti, ƙarfafa ake zaɓa, yayye da kawunnai da maƙwabcin da ke iya riƙe shi, uwa kuwa a bar ta gida tana kuka, alhali ita ce za ta iya cewa, "Likita, ba yau ya fara ba, shekarar da ya yi sauka ma ya yi wata guda ba ya barci, kawunsa kuma haka ya yi kafin a yi masa aure." In ba ta nan, abin da za a rubuta a kati shi ne shekarun da yake da su yau, a ɗauki tashi na huɗu a matsayin na farko, a yi wa ɗan shekara 28 hukuncin wanda ciwon ya same shi jiya. Da yawa daga mutanenmu ba su da takardar haihuwa, amma ba su rasa abin lissafi: shekarar da aka ƙirƙiro jihar Kebbi a 1991, shekarar babbar ambaliya, shekarar da aka yi masa kaciya, azumin da ya fara cikawa. Ma'aikacin lafiyar da ya san ƙasar zai iya fitar da shekarar farawa daga irin waɗannan cikin 'yan mintoci, muddin an zo masa da uwa ko goggo ko matar majinyacin, an kuma ba ta kujera a ɗakin likita maimakon a bar ta a baranda tana gadin kwanuka.